Haƙorin da Ba a Mayarwa

Shafi na 17

Masu cewa na yi shiru kwana uku, ku yi haƙuri, ba jan rai ba ne. Tun yanzu nake gaya muku wannan shafin ba mai daɗi ba ne. Abin da na yi ta murna a kansa a shafin baya, shi ne ya juyo ya shaƙe ni. Mai hawan jini ya sha maganinsa kafin ya ci gaba. Ni ma na sha nawa.

Kun tuna inda muka tsaya. Sau biyu ƙasa tana kiran ɗana Netani, lamba biyar, ya taso daga kulob ɗinsa na Ostireliya ya zo ya tsare mata baya a wasan ƙwallo, sau biyu yana cewa ba zai samu zuwa ba. Masu buga waya gidan rediyo suka sa mu a baki, wai ɗan garin masu rake ya ci burodin Turawa ya manta rogo. Sai yayana Josaia ya shigo gidana da dattawa shida, suka zauna a kan tabarma, ya ɗaga tambua, haƙorin babban kifin teku da igiyarsa ta zaren kwakwa, ya ce gari na roƙona in kawo musu ɗansu ya buga wasan ranar Asabar.

Ban tambayi yaron ba. Wa ke tsayawa tambayar yaro haƙori na gabansa? Na tafa, na karɓa, na kai shi hancina, na ce an gama. Sai daga baya na buga masa waya na gaya masa. Ya ce, "To, Ta. Zan zo." A wurinmu Ta muke ce wa uba, Na kuma uwa.

To ga abin da ya biyo baya.

Ranar Alhamis da hantsi kocinsu ya ba shi awa shida ya zo gida a sa masa albarka. Motar haya ta tsaya a gindin mangwaro, inda kowa ke sauka ya shigo gari da ƙafa. Matarsa Unaisi ta fara fitowa da 'yarsu Mereoni a kafaɗa. Sai shi. Ya ɗaura zane yadda ya kamata, rigarsa a goge, ba jaka a kafaɗa.

Amma baƙin tabarau ne a fuskarsa.

A cikin gari! Yana dosar ƙofar gidan Ratu, mai garinmu, inda ko hula ba mai wucewa da ita!

Matan da ke waƙar tarba suka rage murya. Taubashinsa Waisale, wanda bakinsa ba ya hutu, ya ɗaga murya daga bayan mutane.

"Kai jama'a, ga ɗan fim ya iso! Netani, ranarmu ce ta fi ta can zafi, ko mu ne ba ka son gani?"

Aka yi dariya, amma dattawa ba su yi ba. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na matsa kusa da shi.

"Cire wannan abin."

"Ta, bari mu shiga ɗaki tukuna."

"Na ce ka cire."

"Ta, don Allah."

"Ni za ka kunyata a gaban Ratu? Cire!"

Ya cire. Ya runtse ido kamar wanda aka watsa wa barkono, ruwa ya gangaro masa har haɓa. Tsofaffin mata suka ce wayyo, kukan kewar gida yake. Ni ma haka na ɗauka. Har daɗi na ji.

Aka shiga zauren gari aka dama yangona, garin saiwar da muke sha a taro, a babban akushi. Fasto ya yi addu'a, Ratu ya yi magana, ya ce gobe da sassafe zai wuce Lautoka, inda za a yi wasan, ya zauna cikin manya ya ga ɗan ƙasarsa da idonsa. Duk wanda aka miƙa wa ƙoƙo sai a tafa masa sau uku. Na lura duk tafin da aka yi sai Netani ya ƙifta ido, wuyansa ya noƙe. Na ce a raina gajiyar hanya ce.

Da muka dawo gida uwarsa Makelesi ta shimfiɗa abinci, kifi cikin ruwan kwakwa, gwaza da rogo, ga lemun tsami da barkono a gefe.

"Na, har yanzu kina kai kaguwa kasuwar Tavua?" in ji shi.

"Na daina tun da gwiwa ta matsa min. Yanzu sai dai in aika."

"Ai gara ki huta."

Ya ci loma huɗu ko biyar. Ya ɗago.

"Na, har yanzu kina kai kaguwa kasuwar Tavua?"

Waisale ya fashe da dariya har rogo ya sarƙe shi. "Wannan yangonar ƙoƙo biyu ce ta yi maka haka? Ashe Turawa sun lalata ka!"

Kowa ya yi dariya, har da shi Netani. Mutum ɗaya ce ba ta yi ba. Unaisi ta sunkuyar da kai tana gyara wa 'yar riga da ba abin da ya same ta.

Bayan abinci na koma bayan kicin ina wasa addata ta saran rake. Sai na ji taku. Unaisi ce.

Kun san mu. Matar ɗa ba ta yi wa uban miji magana, ba ta kiran sunansa, ba ta zama kusa da shi. Shekara huɗu da aurensu, ban taɓa jin kalma ɗaya daga bakinta da aka nufo ni da ita ba. Na yunƙura zan ba ta wuri. Sai ta zauna a can ƙarshen tabarma, ta juya min gefe, ta ɗora Mereoni a cinya. 'Yar wata tara ce, haƙori biyu gare ta.

"Mereoni," in ji ta, "ki ce wa Kakanki ya zauna. Ki ce masa akwai magana."

Na zauna. Na ajiye addar.

"Ki ce wa Kakanki babanki ba rashin kunya ya sa shi sa tabarau ba. Haske ke sukar idonsa kamar allura."

Na dubi jaririyar. Tana tsotsar yatsa.

"Mereoni," na ce, "tambayi mamanki, ciwon ido ne?"

"Ki ce masa ba ido ba ne. Kai ne."

Na gyara zama.

"Ki ce masa sau uku ke nan cikin wata goma sha huɗu. Na farko gwiwar hannun wani ce. Na biyu kai da kai suka yi karo a sama. Na uku ƙarfen raga ya daka. Ki ce masa ranar nan a asibiti babanki ya dube ni ya ce, 'Baiwar Allah, ke ce mai ba da magani?' Ni, matarsa. Da cikinki na je, da ke a hannuna na je, amma sai da ya yi kusan rabin awa kafin ya san ni."

"Mereoni, amma a waya cinya ya ce min. Jarida ma cinya ta rubuta."

"Ki ce masa shi ya roƙa a ce cinya ce. Shi ya sa bai amsa kiran ƙasa ba sau biyu. Ba girman kai ba ne. Likita ne ya hana."

Ta zaro takarda daga cikin zanen goyo, ta ajiye a tsakiyar tabarma, ta tura ta da ɗan yatsa har inda hannuna zai kai. Na ɗauka. Turanci ne mai nauyi, ni kuwa aji shida na tsaya. Na ga sunan ɗana, na ga hatimi, na ga lamba shida an ja mata layi.

"Ki karanta wa Kakanki," in ji Unaisi, hawaye na ɗiga a kan 'yar. "Wata shida ba wasa, ba sa ƙwallo da kai, sai an sake ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa. Yau wata huɗu. Likitan ya ce in ya sake buguwa kafin ta warke, tana iya kumbura. Ya ce akwai kumburin da ake tashi daga shi, akwai wanda ba a tashi."

"Likitan 'yan wasan ƙasa fa? Ba su duba shi ba?"

"Ki ce masa tsohuwar takardar lafiya ya kai musu, ta bara. An tambaye shi ko akwai wani abu, ya ce babu. Ki ce masa ranar da Kakanki ya bugo waya ya ce ya karɓi haƙori, babanki ya shiga banɗaki ya kulle, ya yi amai, ya fito ya fara haɗa jaka."

Ta tashi ta saɓa 'yar. Ta yi taku biyu ta tsaya, ba ta juyo ba.

"Ki ce wa Kakanki na san na keta iyaka. Amma ba na so ki girma kina tambayar hoto."

Na same shi a filin makaranta, inda har yanzu ragar gora ce. Yana zaune a inuwar bango, idonsa a rufe.

"Netani."

"Ta."

"Me ya sa ba ka gaya min ba?"

Ya buɗe ido kaɗan. Ya dubi fuskata ya gane. Ya yi tsaki a hankali.

"Unaisi ce. Ta ina ma ta bi ta gaya maka?"

"Ba ita ba ce. 'Yarka ce."

Ya so ya yi dariya, bai iya ba.

"Amsa min. Me ya sa?"

"In gaya maka yaushe, Ta? Kafin ka karɓa ba ka tambaye ni ba. Bayan ka karɓa me zan ce? In ce ka mayar?"

"Da ka ce ba ka da lafiya."

"Sannan ka yi yaya? Ka manta Kawu Sailosi? Haƙori ya karɓa kan zai ba da fili, ya fasa. Ina yaro nake ganinsa a bakin ƙofar zaure, wurin takalma. Shi ake ba ƙoƙon ƙarshe, bayan yara. Har ya mutu ba wanda ya sake kiran sunansa a taro. 'Ya'yansa duk sun bar gari. Haka kake so in gan ka?"

"Gara ka gan ni a wurin takalma da in gan ka a akwati."

"Ba abin da zai same ni. Minti casa'in ne."

"Minti casa'in da wa? Na ga lamba tarar waɗanda za ku kara da su a talabijin. Kamar bishiyar kwakwa yake. Ba su da wani wasa sai ɗaga ƙwallo sama. Don kanka aka kira ka, ba don ƙafarka ba."

"Zan bar wa abokin tsarona na sama, ni in riƙe na ƙasa."

"Ni za ka gaya wa haka? A filin nan, kana shekara tara, ba takalmi, inda manya ke tsoron sa ƙafa nan kake sa kai. Wa ya ɗauke ka a baya zuwa ɗakin shan magani aka ɗinke maka gira? In ƙwallo ta taso saura minti biyu, jama'a na ihu, za ka tuna da likita?"

Ya sake rufe ido.

"Zan je in sami likitansu," na ce.

Ya miƙe tsaye da sauri har sai da ya dafa bango.

"Kada ka yi, Ta."

"Zan yi."

"Ka san abin da zai faru? Za a rubuta. In aka rubuta a nan, ko'ina za a gani. Kulob ɗina sun rufa min asiri ne don suna jiran in warke shiru. In ya fito fili cewa na ɓoye, na kawo tsohuwar takarda, wa zai sake ɗaukata? Ɗan bayan da ba a yarda da kansa ba, kuma ba a yarda da bakinsa ba?"

"Sai ka dawo gida."

"In yi me? In sari rake?"

Ya ga fuskata ya sauke murya.

"Ban nufi haka ba, Ta."

"Da raken aka saya maka takalmin farko."

"Na sani. Shi ya sa. Shekara biyar ina buga wa gunduma, ina kwana a ajin makaranta. Shekara biyu a ƙetare, a Okland, da safe in wanke motoci, da yamma atisaye, sanyi na fasa min yatsu. Sai da na kai ashirin da uku aka fara kirana ɗan ƙwallo ba da gatse ba. Sau goma sha huɗu na sa rigar ƙasa, ba ka taɓa ganina a ciki da idonka ba sai a waya. Jibi za su ɗaura min kyallen kyaftin a gabanka. Ka bar ni in gama wannan ɗaya. Ɗaya tak. Ranar Lahadi in koma in kwanta wata biyu, ba wanda ya ji."

Kan mutum abin girmamawa ne a wurinmu, ba a taɓawa, ko na ɗanka ne in ya girma. Rabona da taɓa kan Netani tun yana firamare. Na nemi gafara yadda ake nema, na ɗaga hannu na ɗora. Bai kauce ba. Na bi da yatsu a hankali. Bayan kunnen hagu akwai wani wuri da ya loma, kamar gwangwanin da aka taka.

"Nan ne?"

"Wannan na biyun ne."

Hannuna ya kasa sauka.

"Ina takardar?" ya tambaya.

"Ta koma da ita."

Ƙarya na yi. Tana cikin aljihun zanena, ninki huɗu.

"Ka yi min alkawari, Ta. In ka kai maganar nan wurinsu, kai ka binne ni, da raina."

Motar hayar ta yi ham a gindin mangwaro. Ban yi alkawari ba, ban kuma ƙi ba. Ya tafi da tabarau a hannu, idonsa a runtse, bai sa ba sai da ya wuce gidan Ratu.

Ranar Juma'a da safe na ɗauki damin saiwar yangona na nufi gidan Josaia. Tsakar gari cike da mata suna ƙarasa ɗinkin anko, riga shuɗiya mai farin fure, an rubuta biyar a baya. Bas uku aka yi magana da su. Na shiga na zauna kusa da ƙofa, na ajiye damin, na tafa.

"Semesa, lafiya da sassafe haka? Kai da ya kamata a same ka kana rawa?"

"Yaya, roƙo na zo yi. A sake ni daga maganar haƙorin nan."

Ya ajiye kofin shayinsa.

"Me ka ce?"

"Yaron ba shi da lafiya."

"Wanda na ga ya cinye kifi biyu jiya?"

"Kansa ne, Yaya."

Na gaya masa duka. Ban rage komai ba. Sai ya tambaye ni.

"Ina haƙorin?"

"Ka fi ni sani. Makon jiya a gaisuwar mutuwar kawun Makelesi na ajiye shi. Kai ka yi magana a madadina."

"To ya tafi. Yanzu yana hannun wasu, ƙila ma sun nemi aure da shi." Ya shafa fuska. "Ko da yana nan, ba a mayar da haƙori, ka sani. Kuma ba nawa ba ne. Daga akwatin Ratu ya fito, ni baki ne kawai. Wanda ya ɗaure shi ke kwancewa."

"Mu je wurin Ratu."

"Ya wuce Lautoka tun kafin a buga gangar coci."

"A kira shi a waya."

"A waya? Semesa, ka yi hankali. Maganar haƙori a waya, kamar mai neman a kawo masa gas? Sai ka samo wani haƙorin, ka tara dattawan gidanmu, a nemi rana, a je a durƙusa. Mako guda in an yi sauri."

"Wasan gobe ne, Yaya."

"Na sani."

"To in yi yaya?"

Ya sunkuyar da kai. Daga waje muna jin keken ɗinki da shewar mata. Da ya ɗago idonsa ya yi ja.

"Ni na riƙe yaron nan ranar da aka yi masa baftisma. Ya yi min fitsari a rigar coci." Ya tura min damina baya da hannu biyu. "Ɗauki. Ba ka zo ba, ban ji komai ba. Abin da za ka yi, ban san shi ba. Amma in ka yi, kada ka nemi in zauna kusa da kai a zaure. Ba zan iya ba. Kai ma ka san ba zan iya ba."

Na fito da damina a hammata kamar ɓarawo.

Yau Asabar muka taso tun bakwai. Bas ɗinmu ta cika da waƙa, ana kaɗa bokiti, Waisale ya shafa shuɗi a fuska yana tsokanar direba. Makelesi na gefena. Mun wuce garin Ba kafin ta yi magana, ba ta ko dube ni ba.

"Tun shekaranjiya hannunka na cikin aljihu."

"Sanyi nake ji."

"Unaisi ta gaya min. Ni ba sai ta bi ta bakin jaririya ba."

Na cire hannun daga aljihu.

"Baban Netani, awa goma sha ɗaya na yi a durƙushe kafin kan nan ya fito. Kifi ne ya haifa min shi, da za a biya shi da haƙorinsa?"

"Za su mayar da mu bakin ƙofa."

"Akwai iska a bakin ƙofa."

"Shi ma ba zai yafe min ba."

"Wanda ke numfashi ne ke ƙin yafewa."

Da muka isa filin wasa na ce musu zan zaga. Na zagaya baya, inda motar 'yan wasa ke shiga. Akwai ƙofar waya da wani ƙaton mai gadi.

"Ina zuwa, Baba?"

"Likitan 'yan wasa nake nema. Ni ne uban lamba biyar."

Ya yi dariya. "Kai ne na huɗu yau. Ɗaya ma Ba'indiye ne. Netani ya yi arzikin ubanni."

"Ɗana, dube ni da kyau."

Ya dube ni. Ya dubi hancina, ya dubi kunnuwana. Dariyar ta tsaya.

"Jira nan."

Na tsaya a rana ban san minti nawa ba. Sau biyu na juya zan tafi. Sai ga wata mata ta fito, siririya, da jakar magani a kafaɗa, tana tafe tana duba agogo.

"Ni ce likitar. Me ya faru?"

Na zaro takardar, duk ta jiƙe da gumi, na tura ta ta ramin wayar.

Ta karanta. Ta koma sama ta sake karantawa.

"Ya san ka kawo wannan?"

"A'a."

"Wa ya ba ka?"

"Jikata."

Ba ta tsaya neman bayani ba.

"Baba, ka ji. Wannan takardar wata huɗu gare ta. In ya ce an sake duba shi a can an sallame shi, yau Asabar, ba ofishin da zan kira ya ɗauka. Zan gwada shi da kaina, amma yaran nan sun haddace amsoshin gwajin kamar addu'ar cin abinci. Kuma koci ya riga ya miƙa sunaye."

"Ki cire masa tabarau ki fito da shi rana. Ki tafa a kusa da kunnensa. Ki tambaye shi abu ɗaya sau biyu."

Ta ninke takardar ta sa a aljihu, ta juya ta shige da sauri, ba ta ce za ta yi ba, ba ta ce ba za ta yi ba.

Na koma cikin mutanenmu. Josaia ya gan ni na fito daga wancan ɓangaren. Ya tashi ya koma layin gaba.

Lasifika ta fara kiran sunaye. Mai tsaron gida. Lamba biyu. Lamba uku. Da aka ce lamba biyar, kyaftin, garinmu ya tashi tsaye gaba ɗaya, bokiti da shewa, Ratu ma daga rumfar manya ya ɗaga hannu. Unaisi ta rufe wa 'yarta kunne. Makelesi ta riƙe min gwiwa har farcenta ya shiga.

Sai wayata ta yi ƙara. Saƙo ne daga Netani.

"Ta, me ka yi?"

Shi ke nan. Na kira, a kashe. Na sake kira, a kashe.

Tun muna hanya nake rubuta wannan, yanzu a kan bencin fili nake ƙarasa shi. Saura minti goma sha biyu a busa. 'Yan ɗaya ɓangaren sun fito sun yi layi, lamba tara ya fi kowa tsawo. Namu ba su fito ba tukuna.

Ban sani ba ko sun cire shi ne ya aiko min wannan saƙon, ko kuwa ya rantse musu an sallame shi sun yarda. Ban san wanda zai fara fitowa daga ƙofar nan da kyalle a hannu ba.